Tagar Bayan Ɗaki

A shekarar 1991 aka yi wa Bitrus canjin wurin aiki zuwa Haɗeja. Ya kama hayar wani tsohon gidan ƙasa mai rufin kwano, ya ɗauko matarsa Rahila, malamar firamare, da jaririyarsu Tani.

Da damina ta kankama, ɗakin ya ƙi zaunuwa. Kwano ya yi ta zubo zafi, ga danshin fadama, kayan sawa har funfuna suke yi. Ƙuraje suka feso wa Tani a wuya da baya.

Da izinin mai gidan, Bitrus ya sa aka yi silin da tabarmin kaba, aka shafe bango da farar ƙasa. Sannan Rahila ta nace a fasa taga a bangon baya, daidai da ƙofa, don iska ta riƙa ratsawa. Aka fasa. Iska ta shigo, ƙurajen Tani suka fara bushewa.

Tagar kuwa tsakar gidan Malam Haladu masunci take kallo. A nan matarsa Saude ke wuni ƙarƙashin darbejiya da ɗaurin ƙirji, tana gyaran kifi tana hira da masu shigowa saye. Bayan 'yan kwanaki Rahila ta lura ta daina jin muryarta. Ta leƙa, ba kowa a gindin bishiyar.

Ta zagaya ta yi sallama. Ta tarar da Saude cikin ɗaki ta sakaya ƙofa, da tsohon ciki, gumi na ɗiga daga haɓarta, tana feɗe tarwaɗa a kwarya.

"Yaya Saude, a wannan zafin kike cikin ɗaki?"

"Nan ma ya isa, Malama. Ya jikin 'yar tawa?"

"Ta ji sauƙi. Tagarmu ce ta kore ki, ko?"

Saude ta yi murmushi ba ta ɗago ba. "Ai ɗakinku ne. Maigidanki mutumin kirki ne, na san ba zai leƙa ba. Zaman ne dai ba ya yi mini daɗi."

Sau nawa Rahila ta tsaya a bangon nan tana nuna wa magini inda zai fasa, ba ta taɓa tunanin abin da ke bayansa ba.

Da Bitrus ya dawo ta tare shi. "Baban Tani, mun hana matar nan tsakar gidanta."

Ya ce, "To Tani fa?"

Suka daidaita a kan a toshe tagar, a buɗe ƙananan ramuka can sama kusa da rufi, inda ido ba ya kaiwa. Amma magini ya tafi shukar shinkafa Kirikasamma, sai da suka jira shi. Kafin ya zo, Rahila ta rataya zane a tagar, ta kuma aika aka gaya wa Saude. Duk da haka ba ta fito ba. A ɗakin ta haihu.

Ranar suna Rahila ta kai turmin atamfa da sabulu. Saude ta miƙa mata jaririn, Rahila ta ga wuyansa cike da ƙuraje. Ta karɓi mafici ta zauna tana yi masa fifita, har mata suka fara watsewa ba ta tashi ba.