Hoto na Talatin da Shida

Mai Hoto ya tsallaka titi da babban yatsansa danne a jikin kyamara, ko motoci bai kalla ba. Robar da ke lulluɓe da gefenta ce ta ɗago, ta buɗe ramin wata 'yar ƙusa da ta faɗi tun shekarun baya. In haske ya shiga ta nan, fim ya ƙone ke nan. Hotuna talatin da biyar ne a ciki, duk na jikarsa. Na ƙarshen ya ajiye wa yau, da za ta tafi makarantar koyon jinya a motar ƙarfe goma.

"Malam, ajiye takalmin nan," ya ce wa mai gyaran takalmi, abokinsa na shekara talatin. "Gam nake so, mai kamawa nan take."

"Wannan ai na malalata ne," in ji mai gyaran, yana jawo gwangwanin nasa gam. "Ya tsiyaya ciki, ka rabu da kyamararka. Zauna."

"Minti ashirin ya rage!"

"To ka ɓata ɗaya."

Suka lulluɓe kyamarar da baƙin ƙyalle. Da lalube mai gyaran ya toshe ramin da ɓarɓashin fata, sannan ya fito da ita, ya kankare tsohon gam da bakin wuƙa. Ya shafa sabo siriri a jikin ƙarfen, ya shafa a bayan robar, ya naɗe hannu.

"Manna mana!"

"Sai ya sha iska. Gam ɗanye ba ya riƙo. Kai da kake sa mutane su daskare kamar gumaka kafin ka danna, yau ka ɗanɗana."

Mai Hoto ya dubi agogo har sau bakwai. Can mai gyaran ya taɓa gam ɗin da bayan yatsa, ya ji bai biyo shi ba. Ya daidaita robar daga kusurwa, ya kwantar da ita sumul. Daga nan hannunsa ya yi abin da ya saba yi wa kowane takalmi: ya ɗora kyamarar a kan maƙera, ya ɗaga guduma.

"Kai! Kai!" Mai Hoto ya cafke tsintsiyar hannunsa a sama. "Dunduniya ka samu?"

Mai gyaran ya dubi gudumar, ya dubi kyamarar, sai dariya ta ƙwace masa. "Wallahi hannun ne, ba ni ba."

Da gindin cokalin shayi suka murje robar, suka ɗaure ta tam da yankin tsohon tiyub na taya.

A tasha jikar har ta sa ƙafa ɗaya a mota sa'ad da Mai Hoto ya iso yana haki.

"Kaka, wa ya karya maka kyamara har aka yi mata ɗori?"

"Tsaya nan, sarkin surutu. Ɗaga haɓa."

Ba ta ɗaga ba, dariyar ɗaurin tiyub ɗin take yi. Haka ya danna.

Bayan kwana uku ya wanke fim ɗin, talatin da shida cif, babu wanda haske ya taɓa. Ya kai wa mai gyaran kwafin na ƙarshen. Shi kuwa ya ɗauko ƙusa zai kafa shi a bango, ya tsaya, ya miƙo gudumar.

"Ungo, buga da kanka. An ce hannuna ba shi da hankali."