Tambarin da Ya Koma Ƙwai

Shaddar guda ɗaya ce, kuma an riga an yanka ta. Hajiya Rahinatu ce ta zo da ita daga Makka, ta adana wa ɗanta har ranar da zai fara hawa mumbari, ranar kuwa jibi ce. Idan allurar inji ta sauka a kanta ba daidai ba, babu gyara, domin shadda ba ta ɓoye ramin allura.

Safiyatu ce ke zana adon riguna a kwamfuta a shagon baffanta, Mohaman Bello, daga nan injin ya karɓa ya ɗinka. Da safiyar Larabar nan kwamfutar ta nemi a sabunta ta, Safiyatu ta amince. Da ta sake kunnawa sai ga haruffa sun kumbura, tambarin kuma, wato da'irar da ake yi a bayan babbar riga, ya baje kamar ƙwai a kwance.

Ta yi salati a hankali. A zatonta zanen ne ya lalace, don haka ta shiga matse shi daga gefe da gefe har ya koma da'ira a idonta. Saura ta aika wa injin.

Malam Ilyas, dattijo mutumin Zariya mai aikin hannu, yana bayanta da kofin shayi. Shekara biyu ke nan bai yarda ya zauna kusa da injin ba.

"'Yata, yaushe baffanki ya yi wannan ƙibar?"

Hoton ranar buɗe shago yake nufi, wanda ke buɗe a gefen allon kwamfutar. Mohaman Bello ya leƙo daga teburin yanka.

"Ni? Ni da soyar naman unguwar Briqueterie duka ba ta kama jikina ba?"

"To ga ka nan kamar buhun masara a kasuwar Mokolo. Idan madubi ya ƙara maka kumatu, ai tambarin ma shi ya ƙara wa."

Safiyatu ta janye hannunta. Ta kira Zakiyyu, mai gyaran kwamfuta a unguwar Nkomkana, wanda ya haɗa musu ita, ta buɗe muryar wayar.

"Kin yi mise à jour, kin sabunta ta ko?" in ji shi. "Noyau ne ya canza, wato ƙwayar tsarin gaba ɗaya. Sabon bai san pilote ɗin allonku ba."

"Wane pilote kuma?" Baffa ya tambaya. "Jirgi muka saya ban sani ba?"

"A'a, Alhaji," Zakiyyu ya amsa yana dariya. "Ɗan tafinta ne tsakanin kwamfuta da allo. Da ya ɓace, sai ta ɗauki allon a matsayin ƙarami, ta ja hoton ya cika faɗin."

Ya sa ta kashe, ta kunna tana danne da maɓallin Maj, na manyan haruffa. Wani baƙin shafi ya fito, ta shiga layi na biyu, ta zaɓi tsohon noyau, wanda lambarsa ta fi ƙanƙanta.

"Duba ma'aunin allon. Nawa ya nuna?"

"Mille neuf cent vingt sur mille quatre-vingts," ta karanta masa da Faransanci, wato 1920 a faɗi, 1080 a tsayi.

"Shi ke nan. Ku zauna a kan wannan, ranar Asabar in zo in daidaita sabon."

Baffa ya koma siririnsa a hoto. Tambarin da ta gyara kuwa ya tsaya dogo, tsukakke, ƙwai a tsaye. Da ta danna maɓalli ɗaya, da shi ne ya hau bayan rigar liman. Ta ce, "Alhamdulillahi."

Ta ɗauko zanen jiya da bai taɓu ba, ta gwada shi a kan ƙyallen banza. Malam Ilyas ya shanye shayinsa, ya kifa bakin kofin a kan ɗinkin. Zaren ya bi gefen kofin ta ko'ina.

"Baba, Allah ya saka da alheri. Idonka ne ya ceci rigar nan."

"Kumatun baffanki za ki gode wa," in ji shi.

Ta ɗaura shaddar a kan injin, ta yi bismillah. Malam Ilyas ya jawo kujerarsa, ya zauna dab da allurar.