Akwatin Dankalin Shugaba

Babana, Gaspard Roumieux, ya yi shekara goma sha ɗaya yana shugabancin kwamitin masu gidaje a benenmu da ke Nîmes, kuma babu abin da ya tsana a duniya kamar iyakwandishan. Wai yana ɓata fuskar gini. Duk wanda ya kuskura ya maƙala injin a bango zai ga wasiƙa, sai ta biyu, sai ta uku mai hatimi, har sai ya cire. Maƙwabta suna ce masa Shugaba, shi kuma yana amsawa da ƙirji a gaba, bai san rabinsu tsiya suke masa ba.

To, ashe mutumin naku yana da nasa. Da ciwon zuciya ya kama Mama, likita ya ce zafi ne babban abokin gabarta, sai Baba ya sa aka kafa ɗaya a ɓoye, tsakiyar hunturu, ranar kasuwa da maƙwabta duk suka fita. Injin da ke zama a waje ya ajiye shi a barandar baya, ya ƙera masa akwatin katako ya rufe ruf, ya jera tukwanen fure a kai. Wanda duk ya tambaya, akwatin dankali ne. Tsoho da tsohuwa su biyu rak, da akwatin dankalin da zai ciyar da bariki.

Ranar wata Lahadi a watan Agusta na je cin abincin rana. Garin kamar tanda. Ina shiga falo na ji iskar da ke fitowa daga na'urar, ɗumi ne zalla. Ruwa yana bin bango yana ɗiga cikin tukunyar da Mama ke dafa miyar kifi. Daga baranda kuma wata ƙara ke tashi, kai ka ce tsakuwa ake niƙawa.

"Baba, wannan abin ya lalace."

"Lafiyarsa lau. Gajiya ce."

"Ruwan fa?"

"Gumi yake yi. Ke ba kya gumi?"

Na leƙa baranda, na zura hannu ta bayan akwatin. Ƙanƙara ta daskare a jikin bututun, a wannan ranar da ko kare ba ya yarda ya taka kwalta. Ga wani ƙauri kamar na wayar wuta da ta ƙone. Ban gama shinshinawa ba wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Baba ya miƙe ba ko mamaki, ya je ya mayar da makunnin, ya dawo ya zauna. A nan na gane ba yau aka fara ba.

"Sau nawa a rana?"

"Solène, ki ci abincinki. Na wanke ragar tace iskar sau uku, na ɗaure kusoshi, na zuba masa mai."

"Wane mai?"

"Na zaitun. Mai kyau ne."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sayar da kan sarki a gidan waya, yau shi ne injiniya. Na juya na dubi Mama. Tana kan kujera da jiƙaƙƙen tawul a wuya, ƙafafunta sun kumbura har silifas ɗin sun ƙi shiga, abincinta ko taɓawa ba ta yi ba. Tana jan numfashi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada mu ji. Tsoro ya kama ni.

Na ce a kira mai gyara. Baba ya ce sam. Masu gyara suna zuwa da mota, motar kuma da rubutu manya-manya a jiki har da hoton ƙanƙara, kuma babu wajen ajiye ta sai ƙofar gida, daidai gaban shagon gahawa inda rabin benen ke wuni. Na kira duk da haka. Watan Agusta ne, kowa ya rufe shago ya tafi bakin teku, sai a kira na shida wani mai suna Fabrice ya ɗauka. Baba ya fizge wayar.

"Ɗan samari, za ka iya zuwa a ƙafa? Ka sa kayan gida, ka zuba kayan aikin a jakar cefane. In an tambaye ka, ɗan ƙanwata ne kai."

Ina jin dariyar mutumin daga inda nake. Ya ce tukunyar gas ba ta shiga jakar cefane, kuma shi yana da kawunnansa sun ishe shi. Ko ya zo gobe da motarsa, ko mu jira Satumba. Baba ya ce za mu jira Satumba, ya kashe wayar.

Sai Mama ta yi magana, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Gaspard, ba na jin zan kai Satumba a ɗakin nan. Kuma tun da ka sa abin nan ban bar ƙawata ko ɗaya ta shigo falona ba, don kada a gani. Na gaji."

Baba ya tsaya yana kallon wayar. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sannan ya sake kira da kansa. A ranar na tafi da Mama gidana ta kwana, washegari ta ce lallai sai an mayar da ita ta ga yadda za a ƙare.

Fabrice ya iso da sha ɗaya na safe, ya ajiye motar a ƙofar gida, hoton ƙanƙarar ya kai girman tebur. Ya dubi akwatin, ya dubi Baba.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Wani kafinta," in ji Baba.

"To, kafintan nan ya shaƙe injin. Ta ina zai fitar da zafi? Gas ya tsiyaye, shi ya sa kuka ga ƙanƙara. Waya ta narke. Da kun ƙara kwana biyu, ba ni za ku kira ba, 'yan kwana-kwana za ku kira. Kuma wa ya soya shi da man zaitun?"

Ya ce zai gyara, amma akwatin ya tafi ke nan har abada. Baba da kansa ya ɗauko guduma ya shiga ɓamɓare katakon. Barandarmu tana kallon tsakar gida, kuma kafin ya cire katako na uku, babu tagar da ba a buɗe ba. Wani daga hawa na biyu ya ce, "Shugaba, dankalin ya yi kyau bana." Wata ta tambaya ko irin mai fanka ne. Kunnen Baba ya yi jawur, amma bai daina bugu ba.

Da ƙarfe biyu sanyi ya fara sauka. Mama ta lumshe ido, numfashinta ya daidaita, har ta nemi burodi da cuku. Muna cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Madam Teissier ce, gwauruwa mai shekara tamanin da ɗaya da ke zaune a hawan ƙarshe, ƙarƙashin rufi, inda zafi ya fi ko'ina. Ta sauko hawa huɗu da sandarta. Ba ta gaishe da Baba ba, ta raɓa shi ta wuce, ta zauna kusa da Mama, ta ɗaga fuska tana shan iskar.

"Odile, tun yaushe kuke da shi?"

"Shekara uku," in ji Mama.

Tsohuwar ta gyaɗa kai.

"Ni kuwa nawa, shekara biyu ke nan da ya sa na cire. A ƙasan banɗaki nake kwanciya, tayil ɗin ya fi sanyi."

Ni ban taɓa lura cewa Baba yana da nasa a lokacin da ya sa ta cire nata ba sai a ranar, kuma kunya ta rufe ni kamar ni na sa hannu a wasiƙar. Mama ta buɗe ido ta dubi mijinta.

"Kada ka wahalar da kanka, Shugaba," in ji Madam Teissier. "Kawo mini ruwa kawai, sai matashin da zan sa a bayana. A nan zan wuni."

Ya tafi kicin. Mun daɗe muna jin famfo yana zuba kafin ya fito.