Ranar da Sakatare Ya Hana Masaƙa Zaɓe

Sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙa mutum ne mai gaskiya, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Shekara ashirin da biyu yana tsaye gaban injin saƙa, har kunnensa na hagu ya mutu, amma ko kwalbar lemo bai taɓa karɓa daga hannun manaja ba. Aibinsa ɗaya ne: in ya karanta abu a littafi ya gamsu, to ko yayarsa da ta goya shi ba ta isa ta juya shi ba. Kuma a kan yayar tasa abin ya faɗo.

Yaya, haka shi da rabin unguwa suke kiranta, malamar firamare ce da ta yi ritaya. Kullum bayan la'asar tana koya wa mata karatu da rubutu a zauren ƙungiya: masu shara a masaƙa, masu tsinke zare, matan direbobi, har da tsofaffin da sai sun kai takarda dab da hanci. Zauren ba wani abin kallo ba ne. Benci goma sha huɗu ne, da allon da ya tsage a gefe, da fanka mai ƙugi kamar yau za ta faɗo. Amma a duk unguwar, nan kaɗai ne mai zuwa masallaci da mai zuwa coci suke zama benci ɗaya suna aron fensir. Ginin kuwa na hukuma ne, aro aka ba ƙungiya, kuma kansila ne yake sa hannu a sabunta aron kowace shekara.

Da zaɓen kansila ya matso, sai wani da ake kira Mai Lasifika ya fito takara. Mutumin nan ya daɗe yana zagaya unguwa da mota yana ihu cewa zauren ma'aikata shi ne tushen lalacewa, wai ana fitar da mata daga ɗakunansu ana cuɗa su da waɗanda ba addininsu ɗaya ba. Ya rantse ranar da ya hau kujera zai garƙama wa zauren kwaɗo. Kansila mai ci kuwa yaron 'yan kwangila ne, kowa ya gaji da shi. Sai matan aji suka matsa wa Yaya lamba, ta tsaya.

Ta sami ƙanenta a ƙofar masaƙa an tashi daga aikin safe, auduga duk ta manne masa a gira.

“Ƙanena,” in ji ta, “ba fosta na zo nema ba. Mutanenka sun kusa ɗari uku. Ku fito ku jefa ƙuri'a kawai.”

Ya kakkaɓe hularsa. “Yaya, zaɓen nan wasan masu hannu da shuni ne. Yau su ɗora mana mai gemu, gobe mai kwat, injin dai yana hannunsu. Duk ma'aikacin da ya shiga layi ya yarda ke nan wasan na gaskiya ne. Canji a bakin inji yake, ranar da duka muka kashe shi.”

“Na ji, malam mai littafi. Zauren fa?”

“Surutun Mai Lasifika ne kawai. Ba zai iya rufe shi ba.”

“Kai da kunne ɗaya kake jinsa,” ta ce, “ni da biyu.”

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

To, ƙungiyar tana da wata doka da suke alfahari da ita fiye da komai. Kowace magana a taro ake yanke ta da ɗaga hannu, kuma abin da masu rinjaye suka yanke ya hau kan kowa, har wanda ya ƙi. Da dokar nan suka ci yajin aiki uku, don ba a taɓa samun mutum ɗaya da ya saci jiki ya koma bakin inji ba. Kuma a tsarinsu Sakatare ne yake magana a ƙarshe.

Ranar taron zauren ya cika har taga. Wani tsohon makaniki ya miƙe ya ce, “Ni ma na san kansila ba zai ba mu masaƙa ba. Amma mukullin ɗakin nan da muke zaune a aljihunsa yake.” Aka tafa masa sosai. Sannan Sakatare ya tashi. Kai, ranar bakinsa ya buɗe! Minti arba'in yana magana. Ya kawo tarihin ƙasashe, ya lissafo kansilolin da aka zaɓa da murna suka koma karnukan 'yan kwangila, ya ce Mai Lasifika da manaja tuwonsu ɗaya, tunda dukansu so suke ma'aikaci ya dubi addinin ɗan'uwansa ya manta albashinsa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, abin takaicin ke nan. Da aka ɗaga hannu, ɗari da arba'in da ɗaya suka ce a ƙaurace wa zaɓe, ɗari da goma sha takwas suka ce a shiga. Shi da kansa ya ƙirga, sau biyu, don kada a zalunci kowa.

Ranar zaɓe 'yan ƙungiya suka zauna a gida, waɗansu suka taru a ƙofar masaƙa da ƙyalle mai rubutu suna shan shayi. Sakatare ya zagaya ya ga ko mutum ɗaya nasu bai shiga layi ba, har tsohon makanikin. Daɗi ya kama shi, ya ce a ransa wannan ita ce ƙungiya.

Washegari da hantsi aka manna sakamako a bangon makaranta. Mai Lasifika ɗari shida da goma sha biyu. Yaya ɗari biyar da hamsin da tara. Sakatare ya tsaya da kekensa yana karantawa, kansa kuwa ya yi lissafin da bai sa shi ba: hamsin da uku ne tsakani. Waɗanda ya kayar a taro kaɗai sun isa su cike wannan har sau biyu. Duk da haka ya hau kekensa yana gaya wa kansa cewa wannan bai nuna komai ba.

Mako uku bayan nan takarda ta iso, a kwashe kaya daga zaure cikin kwana biyu. Ya rubuta ƙorafi mai shafi huɗu ya kai ofishin hukuma da ƙafarsa. Magatakardan ya karanta layin farko, ya dube shi ta saman tabarau ya ce, “Ranka ya daɗe, jama'a ce ta zaɓa. Ku a ina kuke ranar?” Mutumin da bai taɓa rasa amsa gaban manaja ba, ya juya ya fito.

Ya nemi wani wurin, ba a ce bai nema ba. Masu gidajen da ya tuntuɓa duk tsoron motar lasifika suke. Mazan da a da suke barin matansu su zo don ginin na hukuma ne, yanzu suka ce a bari ƙura ta lafa. Ajin dai ya mutu.

Da safen da za a kwashe kaya Yaya ta riga shi zuwa. Tana ɗaure littattafai da igiya, ta ce masa, “Ka karya kuwa?” Ba ta ce komai a kan zaɓe ba, kuma da ta zage shi tas da ya fi masa sauƙi. Ya kama fitar da benci shi kaɗai, yana ja yana tuntuɓe.

A benci na biyar sai ya ji an ɗaga ɗaya gefen. Wata dattijuwa ce mai shara a sashen rini, 'yar ƙungiya, kuma ɗalibar Yaya, kowa Inna yake ce mata. Suka fito da shi tare, ta tsaya tana haki.

“Sakatare,” ta ce, “shekara biyu ina zuwa ajin nan. Da Yaya ta tsaya takara, na yi ta rubuta sunanta a bayan kwalin sabulu, don ranar zaɓe in karanta shi da idona, kada wani ya nuna mini inda zan dangwala. Har katin zaɓena na sa a bakin zane. A taro ma na ɗaga hannu a shiga. Amma da aka kayar da mu na zauna a ɗaki, kamar yadda ka koya mana.” Ta dube shi, ba da gatse ba, da gaske take tambaya. “Na yi daidai, ko?”

Ya so ya kawo mata tarihin ƙasashe, ya ga babu ko ɗaya da zai shiga kunnensa shi kansa.

“Ke kin yi daidai, Inna,” ya ce. “Ni ne ban yi ba.”



“Ashe kai ma kana kuskure,” ta ce a hankali. “Wallahi da na san haka, da na je.”

Ta sunkuya ta kama gefen bencin. “Ɗaga can, bayana ba ya son tsayuwa.”