Fura Zan Sha

Takardar ta iso ran Talata da hantsi, a jakar masinjan da ya taho daga Dutsin-Ma bisa keke. Malam Audi ya karanta ta sau biyu a bakin aji. Malam Sa'idu, mai duba makarantu, zai zo nan da mako uku. In bai tarar da yara ashirin da biyar a zaune ba, za a kwashe bencina a kai wani gari, a rufe makarantar Tudun Marke, shi kuwa malamin ya tattara komatsansa ya koma Katsina.

Ya leƙa ajin ya ƙirga. Goma sha ɗaya, biyu ma gyangyaɗi suke yi.

Saura shekara biyu a sami mulkin kai a lokacin. Tudun Marke ƙauye ne a kan hanyar Kurfi zuwa Rawayau, makarantarsa ɗaki ɗaya ce ta ƙasa da rufin kwano, kuma ita ce wurin aikin Malam Audi na farko. Ya zo da wandon kaki mai kaifin guga, da tsumagiyar tsamiya, da sunaye talatin da huɗu a rajista. Kai, a makon farko har tafiyarsa daban take! Yanzu ga shi ana shirin mayar da shi gida kamar kayan da ba su yi kasuwa ba. Kunyar abin ta fi komai ci masa rai.

Da ya koma gida ya karanta wa Gwaggo Larai takardar. Ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta biyo shi ƙauyen tana yi masa tuwo, kuma bakinta ba ya ajiye magana.

"To, mene ne abin mamaki?" in ji ta, tana tankaɗe. "Ni da nake cikin gida ina jin ka ta katanga. Daga safe har azahar ba abin da ke tashi sai tsawa da kuka. Ko akuya ka yi wa haka ai ba ta dawowa."

"Haba Gwaggo, haka aka koya mana."

"Har da dukan 'yar mutane a kan fura? Shi ma koya muku aka yi?"

Nan ne fa abin yake masa ciwo.

Ga yadda aka yi. Kowace safiya in ya kira suna, doka ce yaro ya miƙe ya amsa da Turanci, ya ce "Firezan sa." Ba yaro ko ɗaya da ya san ma'anarta, shi kuma bai taɓa tunanin ya faɗa musu ba. Wata uku da suka wuce aka kawo wata yarinya daga rugar da ke bayan rafi, Mairama, 'yar shekara takwas, uwarta mai sayar da fura da nono. Ta zauna tana sauraron yadda kowa ke amsawa, ta kama abin da kunnenta ya ba ta. Da aka zo kanta ta miƙe tsaye, ta ɗaga murya da iyakar gaskiyarta ta ce, "Fura zan sha!"

Ajin ya kece da dariya, har wani ya faɗo daga benci. Malam Audi ya ɗauka raini ne. Ya ce ta miƙo hannu, ya zuba mata tsumagiya uku a tafi. Ba ta yi kuka ba, kallonsa kawai ta yi. Daga ranar ba ta sake takowa ba, yaran rugar su shida suka bi bayanta, na cikin gari kuma suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Har a bakin rijiya sai ka ji ana kiran yarinyar Fura-zan-sha.

Ran kasuwar Kurfi Gwaggo ta aike shi sayen daddawa, wai ko iska ta buge shi. Yana ratsawa ta rumfar mahauta sai ya ji kalangu. Jibo ne, makaɗin Tudun Marke, wani siriri mai giɓi, yana kaɗa wa samari da 'yan mata take. Take kuwa ɗan kiɗa ne da makaɗi ke yanka wa mutum shi kaɗai, ba ya yi wa wani. Jibo ya matse kalangu a hammata ya buga na wata budurwa. Tana can ƙarshen kasuwa tana cinikin gyaɗa, amma sai ga ta ta dire faifai ta taho a guje tana dariya. Ya sake wani, wani saurayi ya tsallake buhu biyu yana kirari. A cikin masu tsalle a gefe, Malam Audi ya ƙirga 'yan makarantarsa tara, waɗanda aka ce masa ciwon ciki ya hana su zuwa.

Ya tsaya baki buɗe. Shi kullum sai ya doki ƙarfen motar da ya rataye a bishiyar marken makaranta har hannunsa ya yi tsami, ba mai zuwa. Wannan kuwa da ɗan guntun sanda yake kiran mutum daga nesa, mutumin ya taho yana murna. Wallahi ji ya yi kamar an buɗe taga a kansa. Daddawar ma bai saya ba.

"Jibo, kana iya yanka wa yara talatin da huɗu take, kowa nasa?"

"Ko ɗari ne, Malam. Amma ka san hannu ba ya kiɗa haka nan." Jibo ya sosa ƙeya. "Ni abin da nake so, ka koya mini rubuta sunana. In je Dutsin-Ma a miƙo takarda, in ƙi dangwala yatsa, in ga idon akawu."

Suka tafa.

Washegari, maimakon ƙarfe, kalangu ne ya tashi a gindin marke. Tabɗi! Kafin Jibo ya gama zagaye na biyu katangar makaranta ta cika da kawuna. Malam Audi ya hau kan kututture ya yi shela. Daga yau ba sauran "Firezan sa." In an kira ka, ka ce "Ga ni," don ma'anarta ke nan tun farko. Duk wanda ya iya rubuta sunansa a ƙasa, Jibo zai yanka masa takensa, da shi za a riƙa kiransa kowace safiya. Tsumagiya kuwa ya miƙa wa Gwaggo ta katanga, ya ce ta kori kaji da ita.

Ai fa sai gari ya ɗauka. Duk inda ka duba, yara ne durƙushe suna zane a ƙasa da tsinke: bakin rijiya, ƙofar masallaci, har cikin turken awaki. Bilya, sarkin masu gyangyaɗi, shi ya fara cin nasa a kwana na uku. Da Jibo ya buga masa, yaron ya yi tsalle ya dire ya ce "Ga ni!" da ƙarfin da sai da jakin maƙwabta ya amsa. Ranar ko abinci bai iya ci ba don murna.

Malam Audi kansa ya zama wani mutum. Ya fito da aji waje inuwa. Lissafi ya koma waƙa, Jibo na kiɗa yara na amshi, biyu sau biyu huɗu, biyu sau uku shida, har matan gari suka kama suna daka da ita. Ya sa aka tara 'ya'yan tsamiya ana kasawa ana rabawa, wanda ya ci ya shanye. Da damina ta matso ya je wurin iyaye ya ce yara su fara yin gona da sassafe, karatu sai rana ta ɗaga. Liman ya ɗan yi gunaguni a kan kiɗa, amma da jikarsa ta karanta masa wasiƙar ɗansa da ke Kaduna, bai ƙara ta da maganar ba. Jibo na can gefe da nasa tsinken, yana fama da harafin farko, yara na gyara masa.

Goma sha ɗaya ta zama sha takwas. Sha takwas ta zama ashirin da biyu da yaran ruga suka fara leƙowa. Ana saura kwana biyar suka kai ashirin da huɗu, a nan kuma abin ya tsaya cak. Sauran, wasu sun bar gari, wasu sun bi iyayensu mashekari da shanu, ba mai dawowa kafin kaka. Mutum ɗaya ta rage a kusa, kowa kuma ya san ko wace ce.

"Ƙafa gare ka," in ji Gwaggo. "Rafin ma bai kawo ruwa ba."

Da la'asar ya tafi rugar. Ya tarar da uwar yarinyar, Inna Saudatu, tana wanke ƙore. Ta amsa sallamarsa ba tare da ta ɗago ba. Ya hango wani ɗan zane ya shige bukka da sauri.

"Malam, lafiya? Me ke tafe da kai?"

Duk jawabin da ya shirya a hanya ya gudu. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a kan tabarma, ya ɗaga murya yadda na cikin bukka zai ji.

"Inna, fura zan sha."

Matar ta dube shi, ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata. Ta dama masa, ya sha, sa'an nan ya faɗi abin da ya kawo shi ba kwana-kwana. Ya ce yarinya ba ta yi laifi ba, shi ne bai koya mata ba kuma ya doke ta, ya zo a yafe masa.

"Ni na yafe," in ji Inna Saudatu. "Amma ba tafina aka doka ba. Ba kuma zan ja ta ba, in ta ga dama ƙafarta ta san hanya."

Mairama ba ta fito daga bukka ba. Ya dawo gida jiki a sanyaye.

Duk da haka ya sa Jibo ya yanka wa Mairama take. Yara suka yi ca, wai ai ba ta rubuta sunanta ba. Ya ce wannan shi ya ci mata, su bar shi da abinsa. Jibo ya zauna ya tsara wani ɗan kiɗa mai daɗi, wanda in ka kasa kunne za ka ji kalangu na cewa, "Mairama ta Inna, taho, taho." Kowace safiya shi ake bugawa a ƙarshe, Jibo ya juya bakin kalangu wajen rafi. Kwana huɗu ana yi, ba kowa.

Ran Litinin babur ɗin Malam Sa'idu ya tsaya a gindin marke. Dattijo ne mai tabarau, ba ya dariya a bakin aiki. Ya dubi makaɗi, ya dubi yara a waje, ya dubi malami.

"Malam Audi, makaranta na zo dubawa ko biki?"

"Ranka ya daɗe, a ba mu izini mu kira suna."

Jibo ya fara. Kowane take ya tashi, sai yaro ya yi wuf ya miƙe, "Ga ni!", ya ruga ya rubuta sunansa a babban allo. Bilya har da juyi. Dattijon ya jefa musu lissafi, suka cafe kafin ya rufe baki. Ya nuna wata 'yar ƙarama ya ce ta karanta, ta karanta. Malam Audi ya lura ƙafar baƙon na ɗan motsi a ƙarƙashin riga tana bin kiɗa, zuciyarsa ta yi fari. Sai dattijon ya bi kawuna da alƙalami, ya sake bi.

"Ashirin da huɗu."

"A ƙirga da ni, ranka ya daɗe!" in ji Jibo. "Na iya rubuta sunana, wallahi, sai dai harafin ƙarshe yakan kwanta."

"Kai da gemunka?" Malam Sa'idu ya cire tabarau ya goge. "Malam Audi, ban taɓa ganin aji mai rai irin wannan ba, kuma zan rubuta haka. Amma ba ni na yanka adadin ba, ba ni kuma da ikon rage shi."

Ya buɗe littafinsa. Malam Audi ya dubi yaran, duk suna kallonsa.

"Saura suna ɗaya, ranka ya daɗe. Ba a kira ta ba."

Jibo ya juya wajen rafi ya buga. Ba kowa. Ya ƙara matse kalangu ya sake bugawa, sai Bilya ya kama da baki, sauran suka ɗauka, yara ashirin da huɗu suna tafi suna rerawa, "Mairama ta Inna, taho, taho!" Gwaggo ta leƙo ta katanga ta saki guɗa. Matan maƙwabta suka fito da muciya a hannu.

"Ga ta can!"

Daga bayan kukar da ke kan hanyar rafi wata 'yar yarinya ta fito. Ashe kullum a nan take laɓewa tana ji. Ba ta yi gudu ba. Ta tako a hankali, kanta a ƙasa, yara suka dare suka ba ta hanya, har ta tsaya a gaban malamin. Kalangu ya yi shiru.

Malam Audi ya ɗaga rajista. "Mairama Alu."

"Ga ni, Malam."

Wurin ya ɓarke da ihu. Malam Sa'idu ya soke abin da ya fara rubutawa. Amma yarinyar ba ta motsa ba. Ta san ta makara, ta kuma san abin da ake yi wa wanda ya makara a wannan makaranta. Ta runtse ido, ta miƙo tafin hannunta, wanda ya doka.

Hawaye suka cika wa Malam Audi ido, bai kuma damu da wa ke kallo ba. Ya laluba aljihu, ya durƙusa daidai tsayinta, ya ɗora mata sabon alli a tafin, ya naɗe yatsunta a kai.

"Buɗe idonki, Mairama," ya ce. "Zo in nuna miki yadda ake rubuta sunanki."