Ɗiyar Farin Hajjo

Tun da aka dawo hutu Nuriyya ta daina magana a aji. Da baki dama ba ta taɓa yi ba, kurma ce tun haihuwa. Hannuwan ne suka yi shiru. Yarinyar da a da sai Malama Sadiyatu ta riƙe mata yatsu kafin wani ya samu ya faɗi tasa, yanzu sai ta cusa su cikin hijabi har a tashi.

Kakarta, Inna, wadda ta raine ta tun yaye, ta rasu a cikin hutun. Ita ke kawo ta makarantar kurame da ke wajen Mabera a bayan babur ɗin ɗan kabu-kabu, ita kaɗai ce kuma a gidan ta tsinci maganar hannu, gwargwadon abin da tsufa ya bar ta. Ranar Laraba mahaifin yarinyar, Badaru, ya tsaya a ƙofar makaranta ya ce a yi haƙuri, ƙarshen mako yayarsa za ta tafi da Nuriyya ƙauye. A gida ba mai gane abin da take nufi, kuka kawai take yi. Malama ta tambaya ko akwai makarantar irinsu a can. Ya ce babu.

Ba ta ja da shi ba. Ita ma sai da ta haifi uku ta fara riƙe fensir, a ajin yaƙi da jahilci, kuma abin da ta yarda da shi bai da yawa. Yaro ba don malami yake koyon magana ba. Yana koyo ne don akwai wani a gida da yake son ya gaya wa abu. In babu wannan mutumin, a fara nemo shi kafin a buɗe littafi.

Bayan la'asar Malama ta shiga gidan, a wani lungu na Ƙofar Rini. Ta tarar da Hajjo, uwar Nuriyya, tana tsintar shinkafa a faifai, da Wasila, yayar Badaru, ta miƙe ƙafa a tabarma. Aka gaisa, aka yi ta'aziyya. Nuriyya ta fito ta durƙusa wa Malama, amma idonta na kan uwarta. Hajjo ta ƙara sunkuyar da kai cikin faifai.

"Kin gani ko, Malama?" in ji Wasila. "In ɗiyar ta shigo ta gabas, wagga ta yamma taka hita, kamar ta ga surukinta. Ku bar mini ita in tahi da ita, ta sha hura ta yi ƙiba."

Malama ta yi murmushi. Ta san abin. Nuriyya ce ta fari, kuma Hajjo ta taso a gidan da ake yi wa ɗan fari kara sosai: ba a kiran sunansa, ba a duban fuskarsa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. "'Yar Inna" take ce mata. Yaro mai ji yakan tsinci son uwarsa a murya, ko da da bango take magana, ta ce a gaya wa wance abincinta na hucewa. Nuriyya kuwa fuska kaɗai gare ta, ita ce kuma aka ɗauke mata.

Malama ta bar Wasila ta yi ta labari, na gero, na ciwon gwiwa, na 'yan boko da komai sai sun buɗe masa aji. Da Wasila ta yafa gyale ta leƙa maƙwabta gaisuwa, gidan ya yi tsit. Malama ta sa hannu a faifan tana taya tsinta.

Can Hajjo ta fara magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ta san kukan yunwar yarinyar, ta san na fushi. Ta ce takan laɓe a bayan labule ta ga ta ci ko ba ta ci ba. Amma tun da ta haife ta ba su haɗa ido ba, yanzu kuma in ta fara, Inna ko arba'in ba ta yi ba, mi za a ce?

Malama ta tambaye ta ko akwai abin da take yi wa yarinyar da hannunta. Hajjo ta ce kitso. Tun da yatsun Inna suka ƙage ita ke yi. Wannan ba komai, ai baya yarinyar take ba ta.

"Akwai madubi a ɗaki?" in ji Malama.

Akwai, wani tsoho mai tsatsa a gefe. Malama ta jingina shi da turmi, ta yafito Nuriyya. Yarinyar ta cire hijabi ta zauna tsakanin ƙafafun uwar kamar yadda ta saba, Hajjo ta fara tsifa. Sai da aka warware layi biyu Nuriyya ta ɗaga kai ta ga fuskar da ke bayanta. Duk suka yi saurin kawar da ido. Nuriyya ce ta fara maidowa.

"Tambayar mini ita ko ina ja mata da zahi," in ji Hajjo.

"Ke za ki tambaya. Duba hannuna."

Hajjo ta riƙe mataji da haƙora ta gwada. Bai yi daidai ba. Nuriyya ta kalli hannun a madubi ta yamutsa fuska, sannan ta miƙo nata baya ta lanƙwasa wa uwar yatsa yadda ya kamata. Ta ba da amsa: da zafi, kullum ma da zafi. Hajjo ta yi dariya har matajin ya faɗi.

Daga nan hannuwan yarinyar suka ɓalle, da sauri, har Malama ta ce ta sassauta. Nuriyya ta sake yi a hankali. Hajjo ta tambayi Malama mi yarinyar ta ce.

"Tana tambaya ina anka kai Inna, kuma yaushe za ta dawo."

Nuriyya ta ga an fita da Inna a lulluɓe, ta ga gida ya cika da mata, amma ba wanda ya gaya mata. Kowa ya ɗauka ta gane. Malama ma haka ta ɗauka. Ta ce in Hajjo na so, ita za ta yi bayanin.

Hajjo ta share ido da gefen zane. "A'a. Gwada mini."

Malama ta gwada mata a hankali: Inna, da rasuwa, da Allah, da addu'a. Hajjo ta yi su ɗaya bayan ɗaya, idonta cikin na yarinyar a madubi. Nuriyya ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo gaba ɗaya ta kifa kai a cinyar uwarta. Hajjo ta ɗaga hannuwa sama kamar ba ta san inda za ta ajiye su ba, daga baya ta ɗora su a bayan yarinyar.

Haka Wasila ta same su. Ta tsaya a bakin zaure ta dubi kan da aka tsefe rabi, ta dubi Malama.

"Yaya," in ji Hajjo, ba ta ɗago ba, "a bar mini ita."

Wasila ta cire gyale ta zauna da nishi. Ta ce dama gwiwarta ba ta bin yara ba ce, kuma Badaru ita za ta yi masa magana, ai a bayanta ya girma. Sai ta zunguri Malama da ƙafa, ta ce ita ma a gwada mata yadda ake cewa Goggo, kada a mai da ita baƙuwa a gidan ƙanenta.