Sabuwa a Kwali

Nasiha ta zare kwamfutar daga kwalinta ta ɗora a kan tebur da hannu biyu. Ita ce ta tara a layin masu neman aikin rajistar manoma a Birnin Kudu, kuma sharaɗin ɗaya ne: kowa ya zo da laftof mai RAM giga takwas. Wannan bai dame ta ba. Babanta ya sayar da ɗaya daga cikin shanun hudarsa a Maruta, ya damƙa wa ƙanensa Baffa Jafaru kuɗin, shi da ya san Kano, ya sayo mata sabuwa fil.

Malam Aminullahi, mai duba na'urorin, bai ko kalli tambarin da ke manne a jikinta ba. Ya ce tambari ko a jikin tukunya ana iya manna shi. Ya soka filas, 'yar na'urar ajiye bayanai, ya buɗe manhajar da ke tona cikin kwamfuta, rubutu ya jeru.

"Giga huɗu ce," in ji shi. "Kuma ta yi aiki sama da awa dubu tara. Wa ya ce miki sabuwa ce?"

Ta ce a kwali aka kawo ta, har da leda. Ya juya kwalin, ya gwada lambarsa da wadda manhajar ta nuna. Ba su yi kama ba ko kaɗan. Kwalin dai na wata sabuwa ne, mai giga takwas. Sai ya nuna mata wani layi a ƙasa, inda sunan da aka raɗa wa kwamfutar tun farko yake: Khuzaima.

Khuzaima 'yar Baffa Jafaru ce. Nasiha ta tuna makon jiya da ta gan ta a tsakar gidansu tana lallatsa wata sabuwar baƙar kwamfuta mai sheƙi, har ta taya ta murna. Kunya ta kama ta kafin baƙin ciki ya zo, don ranar da aka kawo kwalin har ƙasa ta durƙusa ta yi godiya. A gidansu ba a bincika abin da babba ya miƙo, kuma Baffa ya fi kowa sanin haka.

Malam Aminullahi ya ba ta haƙuri, ya ce ba zai iya sa sunanta ba. Ta roƙe shi ya buga mata shafin a takarda, ya buga.

Tana tasha tana jiran motar Gwaram babanta ya kira. Ya ce ya haɗa san da ya rage da na maƙwabci, huɗa tana tafiya, kada ta damu. Bai jira labarin aikin ba.

"Ki biya gidan Baffanki ki ƙara yi masa godiya. Ya sha wahala a kanki."

Nasiha ta dubi takardar da ke hannunta. Ta ninke ta biyu, ta sa a cikin kwalin, a saman kwamfutar.

"To, Baba," ta ce. "Can zan fara sauka."